Sawun Baƙin Farko a Bayan Ganuwar Kano

Bakano ba ya shan wahala wajen faɗin asalinsa. Ka tambayi dattijo a Koki ko Yakasai ko Bakin Ruwa, zai jero maka kakanni har ka ce ya isa, ya nuna maka zauren da aka raɗa wa kakansa suna, ya gaya maka wanda ya haƙa rijiyar gidan. A cikin birni tarihin gida yana bakin mutanen gida. Amma da zarar ka fita bayan ganuwa, ka doshi Fagge da Nasarawa da Bompai, sai lissafi ya canza. A nan ne baƙin da suka shigo a zamanin Turawa suka kafa gidajensu, suka haifi 'ya'ya, suka binne iyaye, suka gina masana'antun da dubban iyayenmu suka ci abinci a cikinsu. Shekara ɗari da 'yan kai ne kacal, amma wanda ya tashi neman gidan ɗaya daga cikinsu a yau zai sha yawo kafin ya sami mai nuna masa ko da harsashin ginin.

Gidan da ya tsira da kamanninsa shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Mai gidan, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da 'yan mishan ya fara shigowa ƙasar nan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya kama aikin gwamnati a Borno. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno cikin ayari, a 1909 kuma ya buɗe makarantar Nasarawa, wadda ta zama tushen ilimin boko na gwamnati a Arewa. Shi ne ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Wanda ya shiga gidan da rana tsaka zai ji sanyin ginin ƙasa ya tare shi tun daga zaure: katanga mai kauri, rufin azara, bakan gizo ya haɗe a tsakiyar soro, zankwaye a bisa kusurwoyi. Magina Kanawa ne suka ɗora wannan gini, kuma hannunsu na nan a jikin kowane bango. Vischer ya zauna a ciki da matarsa Isabelle, wadda ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamansu a Arewa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano, ya rasu a Ingila a 1945. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin da ya ceci wannan gida a fili yake: na gwamnati ne, kuma mai shi yana da suna a takardun gwamnati. Sai dai Ɗan Hausa ma'aikaci ne, aiki ya kawo shi, aiki ya tafi da shi. Baƙin da suka zo suka zauna da gaske, suka yi jijiya a ƙasar Kano, 'yan kasuwa ne, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo yawancinsu.

Bayan cin Kano a watan Fabrairu na 1903, Turawa sun kafa barikinsu da ofisoshinsu a Bompai da Nasarawa, nesa da ganuwa. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Masu mulki sun sa ran auduga ce za ta cika taragu ta tafi masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Dalilinsu mai ƙarfi ne: ta fi auduga kuɗi, in kasuwa ta faɗi ana iya ci, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna a kusa da tasha, amma ba su san ƙauye ba. Waɗanda suka san ƙauye su ne fataken goro, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, masu yara da jakuna da amana a kowace kasuwa. Gwamnati ta yanka filin bayan ganuwa gida-gida: Turawa a nasu ɓangaren, mutanen Kudu a Sabon Gari da aka kafa a 1913, Kwarori kuma a Fagge ta Kudu, wurin da ya zama Kantin Kwari.

Gidan Kwara na wancan zamani gida ne kuma wurin sana'a. Kanti a gaba, sikeli a bakin ƙofa, sito a gefe inda ake jibge buhuna, ɗakunan kwana a baya ko a saman bene. Maigida na zaune a bayan kanta da littafin lissafi, uwargida tana auna yadi, 'ya'ya suna wasa da yaran kanti har Hausa ta zauna a bakinsu daram. Da yawansu daga ƙananan garuruwan Labanan suka fito, irin su Juwayya a kudu da Miziyara a arewa. Mutum zai zo da 'yar jakarsa, ya fara da tallan duwatsun wuya da tarkace, in ya tsaya da ƙafarsa ya aika a turo masa ƙane ko ɗan 'yar'uwa, daga baya ya koma gida ya auro mata. Dokar ƙasa ta 1910 ta hana baƙo mallakar fili a Arewa, sai dai gwamnati ta ba shi izinin zama na wasu shekaru. Saboda haka gidajen nan ba su taɓa zama gidajen gado irin na cikin birni ba. Da fili ya yi tsada, sai takarda ta sauya hannu, aka rushe, aka ɗora benayen shaguna. Abin da ya rage a wannan yanki shi ne sunayen tituna, Beirut Road da Lebanon Road, da 'yan tsirarun tsofaffin gine-gine da suka maƙale a tsakanin sababbi.

Cikin baƙin wancan lokaci akwai wanda sunansa ya ƙi ɓacewa daga bakin Kanawa, ko da yake kaɗan ne suka san mai sunan. Saul Raccah, wanda ake kira Raka, Bayahude ne ɗan Tarabulus. Hulɗar Kano da Tarabulus tsohuwa ce, domin tun kafin zuwan Nasara fataken Gadamus da Tarabulus suna da gidaje a Dandalin Turawa a cikin birni, suna sayen fata da gashin jimina da baƙin yadi. Raka ya iso ne a lokacin da raƙumi ke sallama wa jirgin ƙasa, ya kuma gane cewa arzikin ya koma gyaɗa. Zuwa shekarun 1930 ya ƙasaita har yana gogayya da manyan kamfanonin Turawa, waɗanda suka saba haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya. Shi ya riƙa saye da ɗan ƙari, yana fitar da kayansa waje da kansa, abin da ya sa manomi da dillali suka sami wani sikelin da za su kai kaya in na Bature bai yi musu ba. Yau in ka ce wa mai adaidaita sahu ya sauke ka a Kabarin Raka, a kan titin filin jirgin sama, ba zai tambaye ka kwatance ba. Masu sha'awar ƙwallo kuma suna tuna Raccah Rovers, ƙungiyar Kano da ta ɗauki sunan gidan, ta ci gasar ƙasa a 1978. Kabari da ƙungiyar ƙwallo su ne suka riƙe sunan mutumin da ya taɓa girgiza cinikin gyaɗar Arewa, alhali mafi yawan masu ambaton sunan kullum ba su taɓa jin labarin sikelinsa ba.

Daga sayen gyaɗa zuwa matse ta, taki ɗaya ne, kuma wannan takin ne ya mayar da Bompai unguwar masana'antu. Matan Kano sun daɗe suna soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Amma matsa da inji ta fara ne a farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun wani Kwara mai suna George Calil. Daga wannan ƙaramin inji kamfanin Nigerian Oil Mills ya fito. Wani Bagirke, P.S. Mandrides, ya bi sahu da nasa injin, wasu ma suka biyo baya. Bompai ta dace da wannan aiki: ga fili, ga layin dogo a kusa, ga wuta da ruwan famfo da Kano ta samu tun farkon shekarun 1930 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bayan injinan mai sai ga na alewa, da turare, da sabulu, da kwanukan sha, da takalma, da jimar fata, da saƙa. A 1959 iyalin Moukarim suka buɗe masana'antar gadaje da kujerun ƙarfe a Kano, wadda daga cikinta katifar Mouka ta samo asali. Iyalan da suka fara da kanti a Fagge suka tashi suka gina gidaje masu lambu a Bompai da Nasarawa, kusa da injinansu, a unguwannin da a da Bature kaɗai ke kwana.

Duk wanda ya san Bompai a lokacin ganiyarta ya san ta da hanci da kunne kafin ido. Ƙamshin soyayyar gyaɗa na tashi daga injinan mai ya bi iska har unguwannin da ke kewaye. Da sassafe jiniya za ta yi kuka, sai ka ga kekuna sun cika titi daga Dakata da Gama da Tudun Wada da Birget, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi. Masu aikin dare na fitowa idanu jajur, masu aikin safe na shiga. A bakin kowace ƙofa akwai mai shayi da teburinsa, da mai koko da ƙosai, da mai facin taya, da littafin bashi da ake warwarewa ranar albashi. 'Yan dako na sauke buhuna daga manyan motoci, suna gudu-gudu a kan katakon da aka jingina. Albashin ba mai yawa ba ne, aikin kuma akwai wahala da haɗari, amma da shi aka yi aure, aka sayi fuloti, aka sa yara a makaranta, wasu har suka sauke farali.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, Bompai ta riga ta fara cika. Aka yanka sababbin filaye a Sharaɗa, kashi-kashi har uku, da Chalawa a wajen Panshekara, kusa da kogin da birni ke shan ruwansa. Kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, kasuwa ta buɗe. A daidai wannan lokaci dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, na 1972 da 1977, suka sauya zaman baƙin. An keɓe ƙananan sana'o'i da cinikin kanti ga 'yan Najeriya, aka wajabta wa manyan kamfanoni sayar da wani kaso na hannun jari. Waɗansu iyalai suka tattara suka tafi. Waɗansu suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa. Da yawa suka bar kanti suka zuba dukiyarsu a masana'anta, tare da attajiran Kano a matsayin abokan tarayya. Yaƙin basasar Labanan da ya ɓarke a 1975 ya ƙara ɗaure waɗanda suka rage, domin gidan da ake tanadin komawa ya kama da wuta. Don haka wanda ke bin sawun iyali ɗaya zai ga sawun ya tashi daga Fagge, ya bi ta Bompai, ya ƙare a Sharaɗa ko Chalawa: kaka mai sikeli, ɗa mai injin matsa, jika mai masana'antar roba ko ta jima.

Sannan abubuwa suka juya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da aka gina komai a kansa, dalar gyaɗa ta ɓace daga Ƙofar Mazugal, injinan mai suka koma neman ƙwaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowace masana'anta ta koma dogaro da janareta da baƙin mai. Yadin waje ya kwararo ta kan iyaka, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har Kantin Kwari, inda labarin ya faro, ta cika da atamfa da shaddar da aka saƙa a Sin. Iyalai da dama suka mayar da harkarsu Legas, kamar yadda Mouka ta riga ta yi, ko suka haura Turai. Ely Calil, ɗan George, an haife shi a Kano a 1945, ya zama hamshaƙin ɗan kasuwar man fetur, ya rasu a Landan a 2018.

Ka bi titunan Bompai da Sharaɗa yau ka ga abin da ya rage. Ga ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, sunan kamfani ya koɗe har ba ya karantuwa, dogon yaro ya tsiro a inda motoci ke juyawa, maigadi ya shuka 'yar kuɓewa a gefen katanga. Ga wata an cire injinanta an sayar wa 'yan gwangwan, zauren ya zama sito na kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Ba duka ne suka mutu ba. Masana'antun roba na aiki, cikinsu har da na iyalin Lee, 'yan asalin Sin da suka shigo bayan samun 'yancin kai. Majemu na nan a Chalawa da Sharaɗa, injinan casar shinkafa kuma sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Amma jiniyar da ke tayar da unguwanni da asuba ta yi ƙaranci ƙwarai.

Akwai masu cewa wannan ba tarihinmu ba ne, na baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. Ban yarda da haka ba. A ƙarƙashin kowane gida da kowace masana'anta a waɗannan wurare akwai gonar wani. Sharaɗa da Ja'en da Panshekara da Dakata garuruwa ne masu masu unguwanni da dagatai da gonakin gero da dawa tun kafin a zo da ma'auni. Dokar 1910, da dokar amfani da ƙasa ta 1978 da ta biyo bayanta, sun sa fili a hannun hukuma, abin da ake biyan manomi kuwa diyyar amfanin gona da itatuwa da gini ne. Da yawa cikin waɗanda suka rasa gonakinsu sun dawo bakin ƙofar masana'antar da aka gina a kai suna neman aikin lebura ko gadi. Takardar fili tana ɗauke da sunan wanda aka ba, ba ta ɗauke da sunan wanda aka karɓa daga hannunsa. Duk binciken da ya tsaya a kan sunan mai kamfani, bai tambayi gonar wa ce ba, ya faɗi rabin labari ne.

Haka kuma ruwa. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, ya tarar da na majemun Chalawa a kogin Chalawa. A bakin waɗannan rafuka manoman rani ke shuka latas da kabeji da alayyafo da ake kawowa kasuwannin birni, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun sha nuna cewa ruwan na ɗauke da sinadarai masu cutarwa, musamman na jimar fata. Wannan ma gado ne da zamanin masana'antu ya bar mana, kuma talakan da bai taɓa riƙe hannun jari ba shi ke ɗauke da shi. Tarihi na gaskiya zai faɗi albashin da aka biya da makarantun da aka kai yara, ya kuma faɗi gonar da aka rasa da ruwan da ya ɓaci.

Hanyar bin wannan sawu a buɗe take ga mai niyya. Fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can. Ma'aikatar ƙasa ta jiha na riƙe da fayil na kowane fuloti, da sunan wanda aka fara ba da waɗanda suka karɓa bayansa. Masanin tarihi na Jami'ar Bayero, Sabo Albasu, ya wallafa littafi a kan Kwarorin Kano a 1995, wanda ya share fagen. Amma babbar ma'adana ita ce mutane: tsohon direba da ya yi shekaru yana kai maigida da 'ya'yansa, kuku da ya san abin da ake dafawa ranar salla da ranar makoki, makanikin da ya san kukan kowane inji, dattijuwar da ta sayar da tuwo a bakin ƙofa har ta aurar da 'ya'yanta. Ka durƙusa ka gaishe da irin waɗannan, ka ce Baba ko Iya a ba ka labarin wurin aiki, za ka ji abin da babu shi a kowane fayil: wane maigida ne mai alheri, wane ne mai ƙwauro, yaushe aka yi yajin aiki, wa inji ya cinye wa hannu, kuma me aka ba shi. Waɗanda suka shiga aiki suna samari a shekarun 1960 yanzu sun doshi tamanin ko sun haura. Kowace shekara ana rage su.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Sassan tarihi na jami'o'in Kano su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikata, unguwa-unguwa, a ajiye a Gidan Ɗan Hausa inda kowa zai iya saurare. Ƙungiyar masu masana'antu da iyalan da har yanzu ke Kano su buɗe akwatunansu na hotuna da littattafan albashi. Kafin a rushe tsohuwar masana'anta ko tsohon gida, a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ya gina, da wanda ya yi aiki a ciki, da gonar da ke wurin tun farko. Gwamnati kuma ta zaɓi ko da injin matsa ɗaya ne a Bompai ta hana a taɓa shi, ya zama wurin da 'yan makaranta za su je su ga yadda gyaɗar kakanninsu ke zama mai.

Ana yawan maganar farfaɗo da masana'antun Kano. Wanda zai farfaɗo da abu dole ya san yadda aka yi ya tashi da yadda aka yi ya faɗi: cewa noma ne ya ɗauki nauyinsa, wuta da ruwa da layin dogo suka riƙe shi, baƙo da ɗan gari suka haɗa jari da ƙarfi, kuma da waɗannan suka raunana sai komai ya bi su. Jikokin Raka da Calil suna iya zuwa daga Turai su nemi inda kakanninsu suka zauna, kuma haƙƙinsu ne a nuna musu. Amma jikokin leburori da manoman da aka gina a gonakinsu sun fi su yawa nesa ba kusa ba, suna nan tare da mu, kuma su ne suka fi cancanta a rubuta wannan tarihi dominsu tun masu ba da shi suna da rai.